Ranar da Rifkatu Ta Fassara Gatse

Shugaban wannan zama, Malam Dalhatu, wanda ya ba ni minti goma alhali ya san ba za su ishe ni ba. Fasto Nuhu da dattawan wannan ikilisiya, masu masaukinmu. Wakilin magajin garin Tasawa. Wakilan sarakunanmu na Urafan da Kona da Sarkin Hausa. Malamai da limamai da suka amsa gayyata. Matan zumunta, waɗanda tun hantsi suke waƙa kuma har yanzu muryarsu ba ta dushe ba. Abokan aikinmu na da da na yanzu. Mutanen Garin Ɗan Malam, waɗanda suka taso da amalanke biyu tun da sassafe, tare da uwarsu kuma uwarmu, Inna Habsatu. Sai wadda saboda ita muka taru, Madam Rifkatu Iliya, da maigidanta malamin makaranta, Mushe Sila, da ɗiyansu da jikokinsu. Jama'a maza da mata, manya da yara, salamar Allah da albarkarsa su tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina gode ma Allah da ya ja kwananmu muka ga wannan rana, ranar da Rifkatu ta ajiye aiki da ƙafarta, da mutuncinta, da dariyarta. Ina gode ma waɗanda suka kafa rumfa, da waɗanda suka ɗora tukunya, don ƙamshin yana iso ni har nan, kuma shi ne zai sa in taƙaita. Ina gode ma Fasto Nuhu da ya ce Musulmi ya tsaya a filin majami'a ya yi magana a kan ɗiyarsu. Da ya kira ni a waya na ce mashi, "Fasto, ko ka san ni ne na taɓa korar matar nan daga aiki?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai shi ya sa muka zaɓe ka."

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Lamine, amma a garin nan an fi kira na Shef. Shekara goma sha takwas na yi ina shugabantar porjen rijiyoyi, wato aikin tallafi na gina rijiyoyi a ƙauyuka, kuma a duk shekarun nan Rifkatu ce tafintarmu, in ban da wata tara da za ku ji labarinsu. Abubuwa uku zan faɗa. Akwai na huɗu, wanda ya maƙale mani a maƙoshi shekara goma sha huɗu, kuma yau sai ya fito ko da shugaban zama zai ƙwace mani makiro.

Abu na farko shi ne aikin tafinta, don yaran yanzu da yawa suna ganin kamar wasa ne. Baƙo ya zo daga nesa da faransanci, mutanen gari suna zaune da Hausa, sai a tsayar da mutum ɗaya a tsakani. Abin da ya faɗa ma baƙo shi baƙo zai tafi da shi, abin da ya faɗa ma gari shi gari zai kwana da shi, kuma babu mai iya kama shi. Mu da muka tashi cikin porje mun san yadda ake yi. Dattijo zai miƙe ya yi minti biyar yana zuba kuka, ya ambaci fari, ya ambaci tsutsa, ya ambaci alkawarin bara da ba a cika ba, sai tafinta ya juya ga baƙo ya yi murmushi ya ce, "Sun ce sun gode." Shi ke nan. Baƙo ya tafa, gari ya tafa, a ci kaji a watse. Haka muka tarar, haka muka yi, kuma wallahi ba mu taɓa kiran shi ƙarya ba. Muna kiran shi iya aiki.

Sai ga wannan baiwar Allah ta zo. Satinta na farko a biro, wato ofishinmu, wani ɗan kwangila ya dame ni da zarya, na ce mata, "Rifkatu, in mutumin nan ya zo ki ce na fita." Ta ce, "To, za ka fita ne, Shef?" Na ce, "A'a, ki dai ce na fita." Na ɗauka mun gama. Ina zaune ina shan shayina, sai na ji muryarta ta taga, da ladabi, da fara'a, tana cewa, "Yana nan, amma ya ce yau ba ya son ganin ka." Jama'a, shayin nan ta hanci ya fito mani! Daga ranar, in ina son a ce na fita, sai in tashi da gaske in bi ta ƙofar baya in tsaya gindin bedi, wato dalbejiya, cikin rana, kamar ɗan makarantar da aka yi ma horo a lakkol. Ita ce ta koya mani cewa ganin mutum ya fi wannan wahalar sauƙi.

Kuma ba ta rantsuwa. Mu kun san mu, kafin mu ce an yi ruwa a Mayahi sai mun yi wallahi uku. Wata rana na ce mata ta rantse a kan wata magana, ta ce, "Shef, in na rantse maka yau, gobe da na yi magana ban rantse ba za ka yi shakka. Bari dai duk maganata ta zama iri ɗaya." Na ce a raina, wannan matar za ta ba mu wuya. Ashe ban ma fara gani ba.

Abu na biyu shi ne ranar rijiya, kuma a nan ina roƙon mutanen Garin Ɗan Malam su riƙe dariyarsu har in kai ƙarshe, don na ga tun yanzu kafaɗunsu sun fara rawa.

Shekara goma sha huɗu ke nan, mun gina masu rijiya can bayan Urafan. Rijiya mai kyau, da siminti, da murfi, da kwamin shayar da dabbobi. Ranar da ɗan kwangila ya miƙa aikin, na je, na leƙa, na ga ruwa garau yana ƙyalli, na sa hannu a takarda cewa aiki ya yi. Ban ɗanɗana ba. Me ya sa? Cikin watan azumi ne, ina azumi, ɗan kwangila yana azumi, maigari yana azumi, duk wanda ke wurin bakinsa a rufe. Sai bayan salla labari ya iso ni cewa ruwan zartsi ne, kanwa zalla, ko jaki ba ya sha. Mata sun koma tsohuwar rijiya, tafiyar awa biyu zuwa da dawowa. Abin da ya kamata in yi kowa ya sani, in rubuta rapor, wato rahoto, in ce na yi kuskure. Ban yi ba. Na ji kunya, na ji tsoro, na yi shiru, kuma shirun nan kullum ƙara nauyi yake.

Ana nan sai ga takarda, wai wakiliyar masu ba da tallafi za ta zo bikin buɗe rijiya. In ta gamsu za a sa hannu a kashi na biyu na porje, in ba ta gamsu ba an rufe. Mu ashirin da uku ne muke ci a wurin, har da Rifkatu, wadda a lokacin ɗiyanta uku suna lakkol, Mushe Sila kuma yana kwance da ciwon baya, wata shida bai shiga aji ba. Kwantiraginta a ƙarshen watan zai ƙare, kuma ni ne mai sabunta shi. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ke hannunta ranar nan.

Na yi dabarata. Na aiki direbanmu Mumuni, ga shi can yana ɓoye fuska, ya ciko sabon tulu da ruwan Urafan mai daɗi aka ajiye bakin rijiya don baƙuwa. Na roƙi maigari kada kowa ya yi ƙorafi, godiya kawai. Saura tafinta. Na san ba zan iya sa ta ƙarya ba, sai na ce bari in kama ta da igiyarta. Cikin mota na ce, "Rifkatu, yau ba na roƙon ki komai sai gaskiya. Abin da suka faɗa shi za ki faɗa, kalma da kalma, kar ki ƙara, kar ki rage." Ta dube ni ta ce, "Abin da suka faɗa zan faɗa, Shef." Na jingina da kujera ina jin kaina gwani.

Aka yi taro. Maigari ya yi godiya, ta fassara. Liman ya yi addu'a, ta fassara. Baƙuwa ta sha ruwan tulu ta lumshe ido. Har na fara lissafin kaji, sai baƙuwar ta ce ita tana son ta ji daga bakin mace, tunda mata ne masu ɗiban ruwa. Kafin maigari ya zaɓi wadda ya shirya, sai Inna Habsatu ta dogara sandarta ta miƙe. Na ga maigari ya dafe kai.

Inna, in na yi kuskure ki gyara mani, amma ina jin ban manta ko kalma ɗaya ba. Cewa ta yi, "Mun gode. Kai, mun gode ƙwarai da gaske. Tun da aka yi muna rijiyar ga mun huta da sayen kanwa, wake da ka ɗora ya nuna. Sabulunmu ya yi albarka, mun bar ɓarnar shi. Cikin yaranmu kuwa wankuwa yake safe da yamma, babu sauran datti. Mu mata ƙafafunmu sun yi ƙarfi, ba mu taɓa samun lafiyar tafiya irin ta bana ba. Har jakunanmu sun koyi kunya, in sun zo bakin kwami sai su sunkuyar da kai su bar ma baƙi. Allah shi ba wanda ya yi muna rijiyar ga irin ruwanta a gidansa, shi sha, iyalinsa su sha."

Gari duka ya ɗauka, "Amin!" Ni ma, da baƙuwa na kallo na, dole na shafa fuska na ce amin. A rayuwata ban taɓa faɗin amin mai ɗaci irin wannan ba.

To, ku da kuke Hausawa kun ji me ta ce. Gatse ne tun daga farko har ƙarshe, irin wanda iyayenmu mata suka ƙware a kai, su yanka ka da godiya kana murmushi. An ce kada ta yi ƙorafi, ba ta yi ba. Amma ku dubi inda wayona yake: gatse in aka juya shi kalma da kalma zuwa wani harshe, yabo ne tsantsa. Rifkatu ta fara. Kanwa, ta faɗa. Sabulu, ta faɗa. Cikin yara, ƙafafun mata, kunyar jakuna, addu'a, duk ta jera su daidai, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Baƙuwa tana rubutu cikin murna, har ta cire tabarau ta share ido. Na ce a raina, Lamine, ka tsira. Matar nan ta cika umarnina, ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma ko a gaban alƙali babu mai kama ta.

Sai na ga ba ta zauna ba. Ta tsaya kanta a sunkuye, leɓenta na motsi. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, kallon da ba na faɗa ba ne, kallon mai neman a yi mata haƙuri. Sannan ta juya ga baƙuwa ta ce da faransanci, "Madam, na faɗa maki kalmominta, ban faɗa maki maganarta ba. A Hausa muna da abin da ake kira gatse, mutum ya faɗi abu yana nufin kishiyarsa, kuma duk wanda ke nan ya gane sai ke. Abin da tsohuwar nan take faɗa maki shi ne, ruwan rijiyar nan ba ya shawuwa, yana sa yara zawo, kuma mata har yau awa biyu suke tafiya neman ruwa."

Baƙuwa ta dubi tulu, ta dubi rijiya, ta dube ni. Ta miƙe ta ce a ba ta guga. Da hannunta ta zura, da hannunta ta jawo, ta kamfata ta kai baki. Jama'a, fuskar da matar nan ta yi, in na kwaikwayi ta a nan Fasto zai ce na tsorata yara. Inna Habsatu kuwa ta matso kusa da ita ta ce, "Ƙara, ɗiyata, ai ba ya ƙarewa."

Ku yi dariya, yau ranar dariya ce. Ni a ranar ban yi ba. Da muka shiga mota, baƙuwa tana cikin tata a gaba, na juya na sauke ma Rifkatu duk abin da ke cikina. Na ce, "Kalma da kalma na ce maki! Kin faɗa, kin gama, wa ya aike ki sharhi? Tsohuwar nan da bakinta ta ce mun gode! Da kin tsaya nan, wa zai ce kin yi ƙarya?" Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Shef, kai ka ji abin da take nufi, ni na ji, Mumuni ya ji. Mutum ɗaya ce ba ta ji ba, kuma don ita aka tsayar da ni a wurin. In na ba ta kalmomi na ɓoye mata ma'ana, na yaudare ta, ko da kowace kalma daidai take." Na ce, "Kin san kwantiraginki a hannuna yake?" Ta ce, "Na sani. Tun da tsohuwar ta fara magana shi nake tunani. Amma bakin da nake yi ma Yesu waƙa da shi ran Lahadi, shi na zo da shi aiki yau Talata. Ba ni da na biyu."

Da haka muka iso Tasawa.

Abu na uku shi ne abin da ya biyo baya, kuma a nan dariyar za ta ɗan ragu. An dakatar da porje. Ƙarshen wata ban sabunta mata kwantiragi ba, na rubuta da hannuna cewa ba ta da haɗin kai da abokan aiki. Cikinmu akwai waɗanda suka daina gaishe ta. Akwai waɗanda suka yi ta yawo da magana cewa Kiristar nan ta kashe mana aiki, kuma ni da na san wanda ya kashe aikin, na ji, na yi shiru. Rifkatu, mai faransancin da ko a Yamai sai an saurara, ta ɗauki kasko ta zauna bakin tasha tana tuyar ƙosai, da shi ta riƙe yara a lakkol, da shi ta yi jinyar maigidanta.

Ni kuwa na canja hanya. In zan je kasuwa sai in zagaya ta bayan gari don kada in bi ta tasha. Hajiya Lalla, uwargidana, ga ta nan zaune, ta ce mani, "Alhaji, mutumin da ke da gaskiya ne yake zagaye haka da rana tsaka?" Wata safiya na manta na biyo ta wurin. Sai na ji, "Shef! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya Hajiya da yara?" Ta ƙunsa ƙosai mai zafi ta miƙo mani. Na karɓa na tafi, kuma wallahi tun daga tasha har gida ina juya gaisuwar nan a raina ina neman gatse a cikinta. Na duba gaba, na duba baya, ban samu ba. Gaisuwa ce kawai. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata tara cif, sai ga takarda daga masu tallafi. Sun ce sun dawo. Sun ce wurin da ake iya jin gaskiya shi ne wurin da za su iya aiki. Za a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse mai zurfi, a Garin Ɗan Malam, a wuce ruwan kanwa, kuma za a ƙara garuruwa goma sha ɗaya har cikin ƙasar Mayahi. Sharaɗi ɗaya suka sa, a layi na ƙarshe: tafintar ranar nan ita za ta tsaya masu a kowane taro.

Na yi mamakin yadda ni ba a kore ni ba. Sai daga baya baƙuwar da kanta ta gaya mani. Ashe kafin ta tafi ta kira Rifkatu ita kaɗai ta tambaye ta, shin shugabanku ya ci wani abu ne wurin ɗan kwangila? Ku tuna, awa ɗaya kafin nan na gama yi mata barazana cikin mota. Da ta ɗaga kafaɗa kawai ta ce ba ta sani ba, da tawa ta ƙare. Cewa ta yi, "A'a. Bai ci komai ba. Azumi yake ranar, bai ɗanɗana ba, daga baya kunya ta hana shi faɗa. Ya yi laifin ɓoyewa, amma ba ɓarawo ba ne, kuma babu wanda ya kai shi sanin ƙasar nan." Gaskiyar da ta tona ni ita ce ta tsirar da ni, daga baki ɗaya, a rana ɗaya.

Saboda haka ina kira gare ku, matasan wannan ikilisiya, da matasanmu na masallaci da na ga sun cika bayan rumfa. Ba kowa ne zai zama tafinta ba, amma kowane ma'aikaci yana tsaye tsakanin wanda ya sani da wanda bai sani ba. Makanike ya san abin da ke cikin inji, mai babur bai sani ba. Ma'aikaciyar likita ta san abin da ke cikin takarda, mara lafiya bai sani ba. Mai sayar da irin wake ya san na bara ne ko na bana, manomi bai sani ba. Tela ya san ran da ɗinki zai fito, kuma telolin Tasawa, ina ganin ku, kada ku sunkuyar da kai. Kada ku tambayi kanku ko kalmomin da kuka faɗa daidai ne, wannan kowane mai wayo ya iya, ni ma na iya. Ku tambayi kanku, mutumin nan da ya juya ya tafi, abin da ya tafi da shi a ransa, shi ne abin da yake? In ba shi ba ne, ku kira shi ya dawo ku ƙarasa mashi.

Kuma kada wani ya ce maku abin ba ya da tsada. Yana da ita. Wata tara ne bakin kasko, da hayaƙi a ido, da abokai masu kau da kai. Lokacin da Rifkatu ta buɗe baki ba ta san takarda za ta zo ba. Da ba ta zo ba ma, abin da ta yi daidai ne. Ku Kiristoci kuna da abin alfahari a matar nan, ta nuna mana addininku ba tare da ta taɓa yi mana wa'azi ba ko sau ɗaya. Mu ma namu addinin bai bar mu a duhu ba game da gaskiya, sai dai ni Lamine, a bakin wannan matar na ga yadda ake yin ta ranar aiki.

Yanzu saura na huɗu. Malam Dalhatu, na ga kana duba agogo, ka yi haƙuri, ajiye shi.

Da takardar nan ta zo, ni aka ce in je in dawo da ita. Na je tasha, na tsaya gaban kasko, na ce, "Biro na neman ki ran Litinin." Ta ce, "To, Shef." Shi ke nan abin da na faɗa. Muka koma aiki, muka zagaya garuruwa goma sha biyu tare, muka ga ruwa ya ɓulɓulo a kowane ɗaya. Na yi mata ƙarin girma, na je sunan jikokinta, ta zo bikin ɗiyata ta kwana biyu tana tuƙa tuwo. Duk wannan na yi ne don ya tsaya a madadin kalma ɗaya, kuma ita ce ta koya mani cewa abin da ba a faɗa sarai ba, ba a faɗe shi ba.

Rifkatu, ƙanwata, tashi tsaye don Allah. Mushe Sila, kai ma tashi, don wahalar nan tare kuka sha. A gaban limamai da Fasto, a gaban abokan aikin da na bari suka zarge ki, a gaban Inna Habsatu da mutanenta: ni na sa hannu ban ɗanɗana ba, ni na ɓoye, ni na sa aka kawo tulu, ni na rubuta a kanki abin da ba gaskiya ba ne. Ba ki kashe mana aiki ba, ke kika raya shi. Na zalunce ki, kuma na yi shekara goma sha huɗu ina jin kunyar faɗa. Ki yafe mani.

Kun ji ta? Ga na baya da ba su ji ba, bari yau ni in zama tafinta, kuma ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Ta ce, "Tun a bakin kasko na yafe, Shef, ƙosan nan me ka ɗauka?" Alhamdu lillahi. Matan zumunta, ku riƙe guɗar nan kaɗan, saura addu'a.

Ruwan da ke cikin wannan kofi daga foraj ɗin Garin Ɗan Malam yake, shi ne kayan amalanken da suka taso da shi da safe, bido goma, wato jarka goma, don kowa a nan ya sha. Yau ba na azumi. Bismillahi. Kai! Inna, wannan kam na sa hannu.

Allah shi ba Rifkatu hutu mai daɗi da tsawon rai, shi ƙara ma maigidanta lafiya, shi sa ɗiyanta da jikokinta su gaji bakinta. Allah shi ja kwanan Inna Habsatu, shi bar mana harshenta da kaifinsa, shi kuma kare mu daga sake faɗawa cikinsa. Allah shi albarkaci wannan ikilisiya da masallatanmu, shi ƙara mana zaman lafiya da zumunci a ƙasar Tasawa da Mayahi da Nijar baki ɗaya. Allah shi ba mu damina mai albarka, hatsi da wake su cika rumbu. Allah shi sa a kowane biro, da kowane gareji, da kowace rumfar kasuwa, a samu mai faɗin magana har ƙarshenta. Allah shi mayar da kowa gidansa lafiya. Sannan addu'ar da Inna ta yi mani shekara goma sha huɗu da suka wuce, cewa Allah shi ba ni irin ruwan garinsu a gidana, in sha, iyalina su sha, yau ina roƙon ta sake yin ta, don yanzu zan ce amin da zuciya ɗaya.

Madam Rifkatu, aiki ɗaya ya rage maki kafin ki tafi hutu. Kalma biyu zan faɗa, ki saurara da kyau, ki shaida ma jama'a ko akwai gatse a ciki.

Na gode.